Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Tace Fina-finai Ta Jihar Kano: A Daina Mai Da Baƙar Fata Abin Dariya

Zuwa ga Alhaji Abba El-Mustapha,
Babban Sakataren Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano.



Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali da abokan aikinka, ina roƙon Allah ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin da aka ɗora maka tun 2023. Ni malamin firamare ne a Kara, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo. Na rubuto maka a fili ne domin maganar ta shafi mutane da yawa: marubuta labari, daraktoci, 'yan wasa, masu fassara, masu tura fim a waya, da mu da muke zaune muna kallo muna ƙyalƙyala dariya.

Tun da aka kafa hukumarku a 2001, abubuwan da ta fi sa wa ido sanannu ne: rawa, tufafi, cakuɗuwar maza da mata, da kalaman batsa. Akwai wani abu guda da yake wuce almakashinku salin-alin, ya fito da takardar shaida, ya shiga gidajenmu ba sallama. Wannan abu shi ne ba'a da launin fata, wato mai da baƙin mutum, musamman baƙar mace, abin ban dariya.

Kai ɗan gida ne a wannan sana'a, ka san salon fiye da ni. Saurayi ya je zance, yarinya ta fito, kyamara ta tsaya cak a fuskarta. Baƙa ce, an kuma ƙara mata duhu da gangan, an ɗaura mata ɗankwali a karkace. Sai saurayi ya zabura ya ce a kawo fitila ba ya ganin kowa, ko ya ce haƙora kawai yake hangowa, sai a saki kiɗan dariya. A wani fim kishiya ce ke yi wa kishiya gori da gawayi, da kwalta, da bayan tukunya. A wani kuma ba a furta komai ba, rabon matsayi ne yake magana: uwar ɗaki fara, 'yar aiki baƙa; amaryar da ake rububi fara tas, uwargidan da aka gaji da ita baƙa; ɗan Alhaji da ya dawo daga karatu a Turai fari sol, ɗan daban da zai tare shi a hanya baƙi ƙirin. Idan fim guda ya yi haka, a ce dace ne. Idan aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, ya zama karatu, yara kuma sun haddace.

Na ce yara don su nake gani kullum. A da, kafin fim ya iso ƙauye sai an je Gwarzo ko Kano an sayo kaset. Yau shagon cajin waya ya wadatar. Da kuɗi kaɗan za a cika wa yaro waya da fina-finai da guntayen barkwanci na TikTok, da daddare a taru a kan waya guda a kalla, da safe a zo da su makaranta. Sunan da aka kira jaruma da shi jiya a fim, shi za a laƙaba wa wata yarinya yau a filin tara. Na ga yarinya mai ƙoƙari ta daina ɗaga hannu a aji, domin duk lokacin da ta miƙe sai an ji wani daga baya ya ce an ɗauke wuta. Idan ka kama mai maganar, amsarsa guda ce: "Malam, ai wasa ne." Ba shi ya ƙirƙiro wannan amsa ba, daga bakin manya ya ji ta.

To, ranka ya daɗe, mu tsaya a kan wannan kalami na "ai wasa ne", don shi ne garkuwar kowa. Bahaushe ba baƙon wasa ba ne. Muna da barkwanci tsakanin Bafulatani da Babarbare, da Bakano da Bazazzagi, da Bakatsine da Banufe, da Bagobiri da Bayarabe. Muna da wasan jika da kaka, da na taubasai, waɗanda har kuɗin shara suke bin juna lokacin cika-ciki. Wannan al'ada tana da daraja ƙwarai, har hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya abin tattali a 2014. Amma duk wanda ya tashi a cikinta ya san tana da ƙa'ida. Ƙa'idarta ita ce ramuwa. Bafulatani ya ce Babarbare bawansa ne, Babarbare ya ce kai ne dai bawana, kowa ya kawo tasa hujjar, a yi dariya, a ci abinci tare, a rabu ba wanda ya tafi da ciwo. Kowanne yana da abin faɗa, kowanne yana da jama'a a bayansa, kuma an san iyakar da ba a tsallakewa.

Ina ramuwar yarinyar da aka kira gawayi? Me za ta mayar, alhali fim da talla da waƙar biki duk sun riga sun yanke hukuncin cewa fari shi ne kyau? A garin da ake yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, ake cewa in dai fara ce a kawo ko mayya ce, baƙar yarinya ba ta da abin ramawa. Ita ake yi wa dariya, ba da ita ake yi ba. Wasan da ɓangare guda kullum shi ne a ƙasa ya fita daga barkwanci, ya koma cin mutunci, ko da mai yi bai nufa ba.

Dubi kuma abin da magabata suka ɗora dariyarsu a kai. 'Yan kama suna yi wa kwaɗayi da ci ba'a. Tashe yana zolayar gwauro da malalaci da boka maƙaryaci. A wasan gauta, matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa a gabansu, mai mulki ya ga kansa ya gyara. Samanja ya shekara da shekaru yana ba mu dariya da rayuwar bariki, shi da kansa kuwa tsohon soja ne. Duk waɗannan hali suke suka: rowa, haɗama, ƙarya, girman kai, wauta. Hali abu ne da mutum zai iya sauyawa gobe idan ya ji kunya. Launi kuwa halitta ne. Wanda aka kunyata a kan halittarsa, abu biyu ya rage masa, ko ya tsani kansa ko ya nemi sauya abin da Allah ya yi.

Duniya ta riga mu ganin inda irin wannan dariya take kaiwa. A Amurka, wajen 1830, wani Bature ɗan wasa mai suna Thomas Rice ya riƙa shafa baƙi a fuska yana fitowa dandali a matsayin baƙin mutum wawa, mai tsalle-tsalle da gurɓatacciyar magana, ya sa wa wannan hali suna Jim Crow. Turawa suka yi ta cika zaure suna dariya. Bayan shekaru, da jihohin kudancin Amurka suka kafa dokokin raba baƙi da fari a makaranta da jirgin ƙasa da wurin shan ruwa, sunan wannan abin dariya aka laƙaba wa dokokin, kuma ba a gama rushe su ba sai da dokar 'yancin jama'a ta 1964. Dariyar ce ta fara share fage, ta saba wa mutane da ganin baƙin mutum ƙasa da mutum, doka ta biyo baya. A Ingila ma gidan talabijin na BBC ya yi shekara ashirin, daga 1958 zuwa 1978, yana nuna shirin da Turawa ke shafa baƙi suna waƙa da rawa, kafin a dakatar da shi.

Abin bai tsaya a tarihi ba. A azumin 2019 wata 'yar wasan barkwanci a Masar ta shafa baƙi ta fito a matsayin Basudaniya mai damun mutane a motar haya, Sudaniyawa suka yi ca a kanta. A watan Yunin 2022 sashen binciken BBC Africa Eye ya fallasa wani ɗan ƙasar Sin mai suna Lu Ke, wanda yake tara yaran ƙauye a Malawi yana ɗaukar su bidiyo yana sayarwa. A cikin bidiyon da ya tayar da binciken, an sa yara suna rera kalaman Sinanci da ba su san ma'anarsu ba, suna kiran kansu baƙaƙen dodanni marasa ƙwaƙwalwa. An kamo shi a Zambiya, aka mai da shi Malawi, kotu ta yanke masa ɗaurin wata 12 a 2023. A watan Mayun 2023 kuma, duk gidan kallon ƙwallon da ke tsakanin Kabo da Gwarzo ya ga kukan birin da aka yi wa Vinicius na Real Madrid a filin Valencia, ya kuma ji labarin mutum uku da kotun Sifaniya ta yanke wa wata takwas-takwas a 2024. Samarinmu sun fusata, kuma sun yi daidai. Alhazanmu da 'yan uwanmu mazauna ƙasashen Larabawa ma suna da nasu labarin, na yadda ake jifan baƙin mutum da kalmar bawa a kasuwa.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Saurayin da ya zagi magoya bayan Valencia da yamma, shi ne da daddare zai tura wa abokansa bidiyon da aka kira baƙar yarinya kwalta. Wani zai ce ai mu duka baƙaƙe ne, ba a cewa baƙi ya nuna wa baƙi wariya. Wannan magana ita ce ma ta fi ba ni tsoro. A idon wanda ya yi kukan biri a Valencia, da fararmu da wankan tarwaɗarmu da baƙarmu duk abu guda ne. Mu ne muka karɓi ma'auninsa muka shigo da shi cikin gida, muna auna 'ya'yanmu da shi. Kada kuma mu manta cewa a ƙasar Kano bauta ba tatsuniya ba ce. Sai a 1936 aka soke ta kwata-kwata a dokar Arewacin Nijeriya, kuma har gobe akwai gidajen da ake fasa aure a kan binciken asali. Idan ɗan wasa ya haɗa baƙar fata da kalmar bawa ko kuyanga don a yi dariya, tsohon miki yake famawa.

Hukumarku takan kafa hujja da addini da al'ada a duk matakin da ta ɗauka, don haka bari in zo ta wannan ƙofar. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, har ta ware mata ta ambace su daban. Aya ta 13 ta ajiye fifiko a kan taƙawa. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. A Sahihul Bukhari, Abu Zarri ya ba da labarin yadda ya gori wani mutum da mahaifiyarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawatar masa, ya nuna masa cewa wannan ragowar jahiliyya ce. Wanda aka zaɓa ya fara kiran salla a Musulunci Bilalu ne, mutumin Habasha. Malamai ma ba su yi shiru ba. Ibnul Jauzi da Imam Suyuɗi kowanne ya wallafa littafi sukutum a kan darajar baƙaƙen fata. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Shehu Ahmad Baba na Timbuktu. Mutanen Tuwat da ke cikin Sahara sun aiko masa da tambayoyi a kan bayi, a 1615 ya amsa musu a littafinsa Mi'irajus Su'ud, ya rushe da'awar cewa baƙar fata alamar bauta ce ko gadon la'ana, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Shekara ɗari huɗu da suka wuce wani malami ya tsaya ya kare mutuncin Bakano daga wannan tunani. Abin kunya ne a ce yau a Kano ake sayar da shi a matsayin nishaɗi.

Idan hujjar addini ba ta isa ba, ga ta asibiti. A watan Fabrairun 2023, a nan Kano, shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana shafa man bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, ta kuma ambato alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da ke cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da mayukan sauya launi. Da yawan waɗannan mayuka suna ɗauke da zaiba, da haidirokwinon, da magungunan sitiroyid. Zaiba tana taɓa ƙoda da jijiyoyi. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri, ta tsattsage, rauni ya ƙi warkewa, ɗinki ya ƙi kamawa. A 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan haɗi har fatarsu ta ƙone, don ta ga ana fifita 'ya'yan 'yar uwarta masu haske. Uwar nan ba mahaukaciya ba ce. Ta ga yadda ake karɓar farin yaro da yadda ake kallon baƙi, ta nema wa 'ya'yanta mafita. NAFDAC za ta iya kwashe mai daga kasuwa, amma ba za ta iya kwashe dalilin sayensa ba. Dalilin yana cikin abin da muke kallo, wannan kuwa hurumin ofishinka ne. Ko a Indiya, wadda fina-finanta suka raini Kannywood tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, matsin lamba ya sa kamfanin da ke yin man Fair & Lovely ya sauya masa suna zuwa Glow & Lovely a 2020.

Ranka ya daɗe, kada a fahimce ni baibai. Ba kamu nake nema ba, ba kuma ɗauri ba. Mutanen Kano ba su manta da 2008 ba, lokacin da kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro a kan fim ɗin Ibro Aloko. Ɗauri ba ya sauya abin da mutane ke yi wa dariya. 'Yan barkwancinmu masu basira ne, da yawansu ma baƙaƙe ne da suka sha irin wannan gori tun suna yara, suka mai da shi abin neman abinci don shi kasuwa ke saye. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ga abin da nake roƙo.

Na farko, a rubuta cikin ƙa'idojin tacewa, ƙarara, cewa ba'a da launin fata, da gorin asalin bauta, da izgili ga zabiya ko mai wata nakasa, abubuwa ne da za a nemi a gyara kafin fim ya sami takardar shaida. A bambance tsakanin fim da ya nuna mugun hali don ya soke shi, da fim da ya mai da shi abin tafi. Idan uwar miji ta ƙi suruka don baƙa ce kuma labarin ya nuna kuskurenta, wannan wa'azi ne, a bar shi.

Na biyu, a fara tun daga takarda. A zauna da shugabannin MOPPAN da sauran ƙungiyoyin masu shirya fim, da marubuta labari, da masu zaɓen 'yan wasa, a nuna musu misalai, a saurari uzurinsu. Gyara a rubuce ya fi arha a kan yanke fitowa bayan an kashe kuɗin ɗauka.

Na uku, a duba tallace-tallacen da ake cusawa a tsakiyar fina-finai masu dogon zango. A watan Mayun 2025 hukumarku ta dakatar da irin waɗannan fina-finai guda 22 sai sun kawo kansu an tace, wanda ya nuna hannunku yana kaiwa har YouTube. To, ya kai ga tallan man da ke alkawarin mai da mace fara cikin mako guda. Ku haɗa kai da NAFDAC, duk man da ba shi da rajista kada a tallata shi a fim ɗin da ke ɗauke da hatiminku.

Na huɗu, a saurari fina-finan Indiya da ake fassarawa da kunnen basira. Sau da yawa mai fassara kan ƙara nasa gishirin don ya ba da dariya, kuma baƙin ɗan wasa shi ne ya fi shan wannan gishiri.

Na biyar, a sa mata da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya cikin masu duba fim, domin su ne suke ganin inda maganar take sauka. A kuma fito da wayar da kai daga cikin birni, a zo Gwarzo da Getso da Kabo da Garo, a zauna da masu tura fim a waya, waɗanda su ne sinimar ƙauye a yau.

Na ƙarshe, hukuma ba hani kaɗai ta iya ba, ta iya yabo. A karrama fim ɗin da ya ba baƙar jaruma matsayin likita ko alƙaliya ko amaryar da ake so, ba tare da an mai da launinta abin magana ba. Furodusa ɗan kasuwa ne, inda ya ga ana yabo da ciniki can zai nufa.

Mu ma masu kallo da namu laifin, kuma ni da abokan aikina za mu ci gaba da tsawatarwa a aji. Sai dai malami yana da yaro na 'yan sa'o'i ne, waya kuwa tana tare da shi har ya yi barci. Kai ne Allah ya ba almakashin, kuma 'yan fim suna jin maganarka don kai nasu ne. Ina roƙonka, don girman Allah da ya halicce mu launi-launi, ka sa wannan batu a teburin zaman hukumarku na gaba, ka kuma sanar da jama'ar Kano abin da kuka yanke.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon yin adalci.

Wassalam.

Naka,
Malamin firamare,
Kara, Ƙaramar Hukumar Gwarzo, Jihar Kano.